Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Shirya Fita Shaƙatawa a Jos Har a Dama da Kowa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan zuwa mini daga malaman Islamiyya da na boko, shugabannin ƙungiyoyin matasa, da iyaye mata masu haɗa zumuncin dangi bayan Salla. Na daɗe ina taya irin waɗannan bayin Allah shirya fita a nan Jos da kewaye, kuma kukansu kusan ɗaya ne: an tara kuɗi, an ɗauki bas, an dafa abinci, amma taro ya yi lami. Na fara da tambayoyin farko-farko, na gangara zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da tsara fita? Ashe ba samun bas da abinci da wurin zuwa ba ne ke nan?

Bas da abinci da wuri, in babu su babu tafiya, wannan haka yake. Amma tsari shi ne ka zauna tun kafin ranar, ka bi tafiyar a ranka da ƙafar wanda ka gayyata. Me zai fara gani in ya sauko daga mota? Wa zai yi masa sannu da zuwa? Yaushe yunwa za ta kama shi, a ina zai yi alwala, da wane labari zai koma gida? Duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya ta san wannan aiki ko da ba ta raɗa masa suna ba. Ta san ranar kamu daban, ranar yini daban, kuma kowace da abin da ake so baƙi su ji.

A Amurka abin har ya zama fannin karatu. A 1998 wasu masana harkar kasuwanci biyu, Joseph Pine da James Gilmore, suka bayyana cewa abin da mutum ke ji a jikinsa a wurin taro haja ce mai zaman kanta, ana iya ƙera ta kamar yadda ake ƙera kujera. Shawarwari biyar suka bayar: a yi wa taro jigo, a cika shi da alamomin da ke ƙarfafa jigon, a kawar da duk abin da ke ɓata shi, a ba mutane tsaraba, sannan a taɓa ido da kunne da hanci da harshe da fata. Ni dai a garin nan na ukun na fi ganin amfaninsa. Ban-ɗaki marar ruwa ko lasifika mai kuwwa kan rushe aikin wata guda.

Mun kai matasa wuri mai kyau, amma rabinsu suna gefe suna danna waya. Laifin yaran zamani ne?

Kafin ka ɗora wa yaran, Malam, duba abin da ka ba su su yi. Mafi yawan shirye-shiryenmu mutum goma ke aiki, hamsin na kallo, ɗan kallo kuwa haƙurinsa gajere ne. Wanda aka damƙa wa wani abu a hannu, igiya ce ko ludayi ko takardar ƙirga maki, ba ya samun sukunin laluben aljihu. In akwai abu ɗaya da nake so a ɗauka daga duk amsoshin nan, to wannan ne.

Na taɓa ganin wata yarinya da ba ta wuce shekara 13 ba a wata fita da muka yi wajen Rayfield. Tun da aka sauka ta samu dutse ta zauna, ta ja hijabi har girarta, duk wanda ya kira ta wasa sai ta girgiza kai. Sai mai yi mana girki, wata dattijuwa, ta ce mata, "Zo nan 'yata, riƙe mini buhun lemun nan. Kowace ƙungiya guda goma sha biyu, kada ki bari a cuce ki." Ta tashi a hankali kamar ba ta so. Kafin la'asar ita ce ke tsawata wa samari su bi layi, kuma da aka fara carafke ita ta tsinto duwatsun.

Saboda haka ka rubuta ayyuka kafin ka rubuta wasanni: mai ƙirga mutane a bas, mai riƙe agogo, alƙalin wasa, mai kula da ruwan sha, mai jan waƙa, mai ɗaukar hoto, masu tattara shara. Sannan ka kasa jama'a ƙungiya-ƙungiya, biyar zuwa takwas a kowace. A cikin mutum arba'in ana iya ɓuya, a cikin shida kuwa in ka yi shiru sai an tambaye ka ko lafiya. Batun masu kunya da dattawa yana da amsarsa a ƙasa.

Daga yaushe ya kamata in fara jan hankalin mutane?

Tun ranar da ka sanar. Wasu masu bincike biyu, Marion Clawson da Jack Knetsch, sun kasa fita shaƙatawa gida biyar tun a 1966: ɗokin zuwan ranar, tafiya, zama a wurin, komowa, da tuna abin da ya faru. Mu kuwa na tsakiyar kaɗai muke shirya wa. Dubi yaro da kayan Salla: tun ɗinki na wajen tela yake cin Sallarsa. Haka fita take. Ka raba ƙungiyoyi mako guda kafin ranar, kowace ta zaɓi sunanta da takenta, ka jefa musu kacici-kacici ɗaya a WhatsApp wanda ba za a san amsarsa ba sai an isa wurin.

Hanya ma fili ce. In magangarar ruwa ta Assop za ku, za ku wuce duwatsun Riyom da ke ɗare kan juna, ku gangara Hawan Kibo. Maimakon a bar kowa da gyangyaɗi, a ce wa yara su zuba ido, ƙungiyar da ta fara hango duwatsun ta ci maki. Wani dattijo a bas ya ba da labarin yadda hanyar take a da. Kafin a isa an riga an zama 'yan tafiya ɗaya.

Lallai ne sai an yi wa fita jigo? Mu gidan tarihi kawai za mu kai ɗalibai.

Gidan tarihi ne ma ya fi bukatarsa. Na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, cike yake da kaya: kawunan yumɓu na Nok, tukwane iri-iri, tsofaffin kayan aikin haƙar kuza. In aka sako yara a jere suna bin mai bayani daga wannan akwatin gilashi zuwa wancan, kafin a kai rabi idanu sun gaji. Jigo shi ne zaren da ke hana kayan watsewa a kan yaro.

Ga misalin da na gwada fiye da sau ɗaya. A harabar akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina asalinsa. Sai mu ce wa yara yau ku magina ne. Kowace ƙungiya a ba ta takarda mai kalmomi: tubali, azara, zanko, bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro), indararo. Aikinsu su nemo kowanne da idonsu, su zana shi, su tambayi ma'aikacin wurin amfaninsa. Bayan nan a fito ƙarƙashin bishiya, a zube musu yumɓun da aka kwaɓa tun gida, kowace ƙungiya ta gina ɗan ƙaramin zaure. Za ka ga yaron da ba ya buɗa baki a aji yana gardama cewa bakan gizon nan ba zai tsaya ba sai an ƙara masa kauri a gindi. Hannunsa ya yi dumu-dumu, amma kalmar azara ta zauna masa ke nan.

Abu ɗaya: gine-ginen nan na ƙasa ne, damina na cin su. Ka je da kanka kwana biyu ko uku kafin ranar, ka ga wanda ake shiga da wanda aka rufe, ka kuma gaisa da ma'aikatan su san da zuwanku. Haka nan in gandun namun daji za ku, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, je ka ga dabbobin da ke nan yanzu kafin ka yi wa yara alkawari.

Wasa mai sauƙi ya fi, ko mai wuya?

Wanda ya ɗan fi ƙarfin mutum kaɗan, ta yadda in ya dage zai iya. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Hangari, Mihaly Csikszentmihalyi, ya yi shekaru tun wajen 1970 yana tambayar masu hawan dutse, 'yan darar Turawa da likitocin tiyata game da lokacin da suke nutsewa cikin aiki har su manta da agogo. Ya gano cewa hakan na faruwa ne in wuyar aiki ta yi daidai da gwanintar mai yin sa, in manufa a fili take, kuma in mutum na ganin sakamako nan take. Aiki ya fi ƙarfinka, fargaba. Ka fi ƙarfin aiki, gundura. Wanda ya taɓa tsayawa kan masu dara a bakin kasuwa ya ga wannan da idonsa, shayinsu na hucewa a gefe ba su sani ba.

Tsaunukan Shere, da ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, sun isa misali. Kada ka ce kowa sai ya kai sama. Ka yi zango uku: na kusa, na tsakiya, da na masu jini a jika, kowane da jagoransa da ruwansa, kuma kowane zango a yi masa abin murna idan an kai. Ka nemi jagoran da ya san duwatsun. Cibiyar horar da matasa da ke wurin, wadda 'yan Man O' War suka sani sarai, aikinta ke nan. Haka wasannin fili: a fara langa da gajeren zagaye, a faɗaɗa shi in ƙafafu sun saba. Amma wuya daban, haɗari daban, duba amsa ta ƙarshe.

Manyan baƙi sun zo, dole su yi jawabi. Yaya za a yi kada yara su ƙosa?

Wannan ya taɓa cin mu, kuma har yau abin na damuna. Wata shekara muka tara marayu wajen tamanin don yinin wasa. An ce ƙarfe goma, babban baƙo bai iso ba sai sha biyu saura, mu kuma muka ga rashin ladabi ne a fara ba shi. Yaran na zaune a kujeru cikin rana, ƙwallaye na ɗaure a raga a gabansu. Da ya iso aka yi jawabi biyar. Ana gamawa aka kira azahar, aka ci abinci, hadari ya haɗo. Wani ƙaramin yaro ya ja rigata ya ce, "Baba, yaushe za a kwance ƙwallon?" Ba a kwance ba.

Tun daga ranar, wasa ke fara buɗe taro bayan addu'a. Baƙo in ya iso, a tare shi da girmamawa, a kai shi ya zaga ƙungiyoyi, a miƙa masa usur ya busa wasan ƙarshe ko ya raba kyaututtuka. Jawabi kuwa a ajiye shi lokacin cin abinci, sa'ad da kowa ke zaune a inuwa da faranti a hannu. Ka faɗa masa tun wajen gayyata, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, yaran sun fi son su gan ka a tsakiyarsu." Ban taɓa samun babban da ya ji haushin wannan ba.

Duk inda jira ya zama dole, kamar layin tikiti ko na abinci, a cike shi. Tatsuniya ɗaya ta ishe ka. Ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku" ka ga yadda layi ke natsuwa.

A taron dangi, iyaye mata da dattawa kan ce su dai kallo za su yi. A matsa musu?

A'a, Hajiya, matsi kore mutum yake. Masana biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun nuna cewa mutum na shiga abu da zuciya ɗaya ne in ya ji shi ya zaɓa, ya ji zai iya, kuma ya ji yana tare da nasa. To a buɗe ƙofofi da yawa. Ga fili na masu gudu, ga tabarma ta masu dara, ga rumfar mata da aka ɗan kare inda za su yi gaɗa su sake ba idon surukai. Sau da yawa wadda ta ce ba ta wasa kunyar surukinta take ji, in aka raba wuri sai ka ji tafi ya tashi.

Dattawa kuma a ba su abin da ya dace da girmansu. Kaka ta zama alƙaliyar gasar kacici-kacici, kawu ya zana wa jikoki salsalar gidan a kan babbar takarda, su riƙa tambaya wa ya haifi wa. Mai keken guragu ko mai larurar gani, a tambaye shi tun kafin ranar abin da yake so ya yi, kada a yanke masa. Wannan duk reshe ne na batun raba ayyuka da na yi a amsa ta biyu.

Muna so mu haɗa matasan unguwanni daban-daban, Musulmi da Kirista. Mu shirya musu gasar ƙwallo?

Niyya ce mai kyau, kuma garin nan da ya ga abin da ya gani tun rikicin 2001 yana bukatarta. Amma a kula da yadda za a raba 'yan wasa. In unguwa kaza ta kara da unguwa kaza, layin da ake son gogewa shi aka ƙara kaurarawa. A 1954 wani masani, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su biyu, ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka koma zagin juna da ƙona tuta. Zama wuri ɗaya a ci abinci bai sasanta su ba. Abin da ya sasanta su shi ne aikin da ɓangare ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, kamar gyaran hanyar ruwan sha da jan motar abinci da ta ƙi tashi.

Don haka a gauraya su da ƙuri'a, kowace ƙungiya ta ƙunshi 'yan ko'ina. A sa aiki ɗaya na kowa da kowa: kafa rumfa, hura wuta, dafa babbar tukunyar gwate. A guji safiyar Lahadi da tsakar ranar Juma'a, a tanadi wurin salla da ruwan alwala, a kuma tabbatar naman da za a ci kowa zai ci da kwanciyar rai. A sanar da masu unguwa da iyaye tun da wuri.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a cika samun ruwan sama ba, sai dai sanyin Jos na safe ba wasa ba ne. A ce kowa ya zo da rigar sanyi, a tare su da shayi mai zafi. Da damina, musamman Yuli da Agusta, a yi duk abin fili da hantsi, a tanadi rumfa da wasan zaune don yamma. Duwatsu kan yi santsi bayan ruwa, ranar ba ta hawa ba ce.

Mu karɓe wayoyi a bakin bas?

Ban cika so ba, sai dai ga ƙananan ɗalibai in dokar makarantarsu ce. Gara a ba wayar aiki: waya ɗaya a kowace ƙungiya, a ce su kawo hoton tsuntsu, na dutse mai kama da wani abu, da na dukkansu suna tsalle. Sauran wayoyin da kansu za su koma aljihu in an bi abin da ke amsa ta biyu.

Yaya ya kamata a rufe taro? Mu dai in an gaji sai kowa ya nufi mota.

Nan ne aka fi yin asara. A 1993 Daniel Kahneman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, shi da abokan aikinsa suka sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na sakan 60. A wani zagayen suka maimaita hakan, amma aka ƙara sakan 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su sake, mafi yawansu suka ɗauki mai tsawon, duk da wahalarsa ta fi yawa, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da ke zama a ran mutum shi ne lokacin da abu ya kai ƙololuwa da kuma yadda ya ƙare.

To ka ajiye wasan da ya fi armashi, kamar jan igiya na kowa da kowa, zuwa dab da ƙarshe, kuma ka tsayar da taro tun ana marmarinsa. A zauna da'ira, kowace ƙungiya ta faɗi abu ɗaya da ya ba ta dariya ko mamaki, a kira sunayen masu ayyuka a yi musu tafi, a yi addu'a. Direba ya riga ya juya mota, a isa gida kafin magariba. Bas da ya makara awa guda a cikin duhu kan shafe daɗin yini duka.

Tsaraba ba sai mai tsada ba. Ɗan zauren yumɓun da yaro ya gina, ko hoton ƙungiya da aka wanke aka kai musu bayan mako guda, ya fi jakar leda mai tambari. Wannan shi ne gida na biyar, na tunawa, da na ambata a amsar lokacin farawa.

Ta yaya zan san shirin ya ci?

Kada ka dogara da "Alhamdu lillahi, an ji daɗi", mutanenmu ba sa kushe mai gayya a gabansa. Ka sa mutum ɗaya ya riƙa zagawa duk rabin awa yana ƙirga na gefe, ya rubuta lokacin da abin da ake yi. Nan za ka ga wane wasa ne ke zubar da mutane. Ka lura ko an yi mamaki da aka ce lokaci ya yi. Bayan kwana uku ka tambayi iyaye biyar ko shida wane labari yaro ya kawo gida. In duk labarin na shinkafa da kaza ne, sai a sake duba sauran shirin.

Yara na son ruwa. Za mu iya barin su su yi iyo a tafkunan da ke bayan gari?

Kada ku yarda, don Allah. Yawancin tafkunan da ke warwatse tsakanin Jos, Bukuru da Barikin Ladi tsofaffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika. Bakinsu a tsaye yake, taku ɗaya daga gefe ƙafa ta rasa ƙasa, ruwan na da sanyi, ƙasansa kuma laka ce. Sun ci rayuka da dama. Wuyar da na yaba a amsar wasa mai sauƙi da mai wuya ita ce wadda in an faɗi za a tashi a kakkaɓe riga.

In wurin da za ku na da ruwa, ko Rayfield ne ko Assop, a ja iyaka a nuna wa kowa tun ana sauka, a tsayar da manya biyu waɗanda ba su da wani aiki sai kallon bakin ruwan. In za a shiga kwalekwale, kowa da rigar kariya, babu ita babu shiga. A ƙirga yara wajen sauka, wajen cin abinci, da kafin mota ta tashi, kuma shugaban kowace ƙungiya ya kira sunayen nasa ɗaya bayan ɗaya su amsa. Masu son jiƙa jiki kuma a kawo musu bokitai da kofuna a fili, a yi tseren cika bokiti, a dai ce su zo da kayan canji.